Baffa da kaskon rushi

Talata, dare.

Safiya hazo, layin mai, shayi ya huce kafin in kurɓa. Da la'asar na biya unguwar Bolari, na tarar da Baffa cikin raha, ya miƙe ƙafafu dab da kaskon rushi.

"Baffa, a ɗan ja ƙafar baya."

"Ai ko ɗumin ba na ji, 'yar nan."

Amsar nan ce ta hana ni sakat, don Baffa na da ciwon suga. Suga in ya daɗe yana hawa, ƙananan jijiyoyi yake ci, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa. Da fari raɗaɗi da dare kamar an shafa barkono, daga baya ƙafar ta daina jin komai. Na lallaɓa shi ya cire safa. Ga bororo ya fashe a ƙasan babban yatsa, gefensa ja, shi bai ma san da shi ba.

Goggo har ta ɗauko ƙullin garin magani. Na ce ta yi haƙuri. Hanyoyin jinin ƙafarsa sun tsuke, suga kuma ya raunana garkuwar jiki, ciwo kamar ƙwayar wake sai ya zama gyambo, ya kai ƙashi, a koma maganar yankewa. Na wanke da ruwan gishirin kemis, na rufe da bandeji, na ce kada ya taka wurin.

Sauran na bar wa Goggo, don ita ke ji. Kullum a duba tafin ƙafa, ko da madubi. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. Basilin a dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu, danshi ke jiƙa fata ta tsage. Ruwan wanka a taɓa da gwiwar hannu. A kakkaɓe takalmi kafin a sa. Reza da mai yankan farce na kasuwa kuwa, sam.

"To idon fa, Baffa?"

"Ras. Ina karatuna ba tabarau."

Nan jikina ya yi sanyi. Ɓarnar da ta kai ƙafa tana iya kasancewa a bayan ido da ƙoda, su kuma shiru suke lalacewa. Sau ɗaya a shekara ya kamata a ɗiga masa magani a leƙa cikin idon, a kuma gwada fitsari ko furotin na zuba. Gwajin HbA1c, mai nuna sugan kusan wata 3, ana son ya tsaya ƙasa da 7% ga yawancin mutane, awon hawan jini kuma ƙasa da 130/80. Shi kuwa Baffa sai jiri ya ɗebe shi yake soka yatsa ya auna suga.

Gobe ƙarfe 7 zan zo da mai Keke Napep, sai Asibitin Koyarwa. Katinsa ma har na fito Goggo na nema.

Tuwon dare ya yi gishiri. An ɗauke wuta.