Wasiƙa Zuwa Ga 'Yan Aji Shida Na Ƙasar Daura

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena da 'ya'yana 'yan aji shida, maza da mata, na cikin garin Daura da na Sandamu da Zango da Mai'aduwa da Ɓaure, ina gaishe ku daga birnin Mancesta na ƙasar Ingila. Ya gajiyar jarrabawa? Allah Ya sa alƙalaminku ya yi albarka, Ya ba kowannenku sakamakon da zai sanyaya ran iyayensa.

Shekaranjiya da safe na taso daga aikin dare a asibiti, ina cikin bas, sai ga saƙon 'yar yayata ta WhatsApp. Hoton wata takarda ne, ta rubuta a ƙasa: “Kawu, ka ga abin da aka ce zan zama.” Ashe ranar da suka rubuta takardar ƙarshe ta NECO ne suka zauna suka jera sunayen 'yan ajinsu, gaban kowane suna aka sa abin da ake hango masa nan da shekara ashirin. Wance likita, wance lauya, wane soja, wane gwamna, wane Alhaji mai tireloli, wane kuma zai tafi ƙasar waje ba zai dawo ba sai da farin gashi. Na ji daɗi ƙwarai, don wasa ne mai kyau, kuma ƙauna ce ke sa a yi shi. Sai dai da na ƙirga sunayen na ga talatin da ɗaya ne. Na tambaye ta, ku nawa ne a ajin? Ta ce sun haura sittin. Tun daga lokacin na kasa barci, shi ya sa na zauna rubuta muku wannan wasiƙa.

Mu ma mun yi irin wannan takarda, sama da shekara ashirin ke nan, lokacin marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan Katsina. Makarantar kwana muka yi. Har gobe ina jin ƙarar tsohon wilin motar nan da ake bugawa da asuba, da sanyin hunturu yana ratsa ƙashi muna ɗebo wa siniyoyi ruwa, ƙafafu duk kaushi. Ina tuna gabza da miyar kuka, da kwaki da ƙuli da sukari da ake haɗawa a roba ɗaya mutum biyar su sa hannu, da firef ɗin dare da fitilar ƙwai idan an ɗauke wuta. A daren ƙarshe muka shimfiɗa tabarmi a gindin bedi, monita ya kawo ragowar littafin Lissafi, aka fara rubutu ana shewa. Wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, a 2001 ta zo, babu ɗalibin da ke da ita. Adireshi muka rubuta wa juna: gidan wane, bayan masallacin Juma'a, a tambayi mai shayi.

Sunan farko a littafin babu wanda ya yi gardama a kansa. Tun muna aji ɗaya ba a taɓa ƙwace masa na ɗaya ba. Shi ke tara mu bayan sallar isha'i ya sake koya mana abin da ba mu gane ba da rana, yana zana zuciyar ɗan'adam a allo da alli mai launi biyu kamar an bugo ta a littafi. Likita muke ce masa, har malamai da shi suke kiransa, wasu ƙananan ɗalibai ma ba su san sunansa na yanka ba. Monita ya rubuta: babban likita a asibitin koyarwa na Zariya. Lokacin babu jami'a ko ɗaya a jiharmu, sai dai a nufi Zariya ko Kano ko Sakkwato. Ta jiha sai a 2006 aka kafa ta, ta Dutsin-ma kuma a 2011.

Sakamako ya fito, ya ci kiredit fiye da yadda ake buƙata. Amma a daminar shekarar Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, kuma shi ne babba. Ya ninke takardunsa ya sa a ƙasan akwati, ya hau rumfar hatsin mahaifinsa a kasuwar Mai'aduwa.

Ni kuma na samu shiga makarantar koyon aikin jinya a Katsina. Da na zo hutu na shiga kasuwar, sai na hango shi ya duƙa yana auna wa wata tsohuwa gero da tiya. Murna ta kama ni, na ɗaga murya daga nesa na ce, “Likita!” Mutane suka waiwayo suna neman likitan. Ya ɗago, muka gaisa sama-sama, ya ce yana da ciniki. Na tafi ina cewa a raina mutumin nan ya canza. Bayan haka ko a ɗaurin aure ya hango ɗan ajinmu sai ya sauya hanya, mu kuma muka ce ai shi ya yanke zumunci, muka ƙyale shi. Da aka buɗe zauren 'yan ajinmu a WhatsApp, abin da aka fara turawa shi ne hoton wancan littafin. Sau biyu ana sa shi a zauren yana fita. Wallahi sai da na yi shekaru kafin na gane cewa duk ranar da muka kira shi da wannan suna fami muke yi masa.

Ina nan Ingila mahaifina ya rasu. Kun san yadda abin yake a wurinmu, ba a jiran kowa. Ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, ni ina tsaye a wani lungun asibiti da waya a kunne. Da dare ƙanena yake lissafa mini waɗanda suka ɗauki makara, sai ya ambace shi. A babur ya zo daga Mai'aduwa, kuma washegari ya aiko da buhun gero saboda baƙin zaman makoki. Na nemi lambarsa na kira, kuma a karon farko tun muna yara na kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa. Ya ce Baba ya taɓa ba shi kuɗin mota wata ranar hutu da ya rasa na komawa gida, bai manta ba. Muka yi fiye da awa ɗaya muna magana. Ƙannensa biyu sun gama jami'a da kuɗin rumfar nan, ƙanwarsa ɗaya ungozoma ce a wani asibitin karkara. Ya ce shi bai taɓa jin kunyar sana'ar ubansa ba. Abin da ya ci masa rai shi ne shekarar farko, da babu ko mutum ɗaya daga cikinmu da ya zo. Ya ce: “Da ɗayanku ya zo ya zauna a kan bencin nan ya ce mini ya kasuwa, da ya ishe ni.”

Wannan magana ce nake so in isar muku, tun kuna tare, tun rigunan da kuka rattaba wa juna hannu ba su shiga wanki ba. Yau kanku ɗaya ne. Nan da wata biyu ko uku za a saki sakamako, kowa ya sayi kati ya duba, kuma daga ranar ajinku zai rabe. Wani zai samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Wani D7 guda ɗaya a Turanci za ta tare masa hanya. Wata za ta ci komai, amma makinta na JAMB, cikin 400 ɗin nan, ya kasa kai ta kwas ɗin da take buri. Wani kuma duk zai haye, a rasa kuɗin rajista a gida. Waɗanda suka samu za su cika zaure da barka, waɗanda ba su samu ba za su yi tsit, kuma shirun nan ba girman kai ba ne. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Kada ku tura saƙo ku ce kun yi. Ku taka ku je gidan, ku yi sallama, ku gaida mahaifiyarsa, ku zauna a zaure ko da babu abin cewa. Idan kuma akwai wani laƙabi da kuka sa masa wanda rayuwa ba ta cika ba tukuna, ku ajiye shi ku kira shi da sunansa.

Sai kuma waɗanda ba a rubuta ba. A namu littafin, bayan suna ashirin da wani abu, monita ya ja layi ya ce sauran Allah Ya ba su sa'a, aka yi dariya aka tashi. Su wa ke ƙarƙashin layin nan? 'Yan bencin baya, yaran ƙauye masu jin nauyin magana da Turanci, waɗanda ba su da mai ziyara. Suna zaune a kan tabarmar suna ji. Ɗaya daga cikinsu yau shi ke haɗa wa rabin unguwarmu sola, wani malamin firamare ne da ya yaye ɗaruruwan yara, wani mun ji labarin rasuwarsa bayan shekara uku da binne shi. Ba ina cewa za su fi ku ba ne, Allah kaɗai Ya san gobe. Cewa nake mutum ya yi shekara shida yana cin kwano ɗaya da ku, bai kamata a daren rabuwa ya ji ba a hango masa komai ba.

Ku da kuka tashi a wannan zamani kun fi mu sanin darajar kaiwa ƙarshe. Kuna ƙanana annobar korona ta rufe makarantu a 2020, kuma a watan Disambar shekarar 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, har gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar. Allah Ya kuɓutar da yaran bayan kusan mako guda, amma kun san iyaye nawa ne suka ji tsoro suka janye 'ya'yansu. Ku tuna waɗanda kuka fara aji ɗaya tare da su ba su kai aji shida ba. Su ma 'yan ajinku ne.

A takardar 'yata na lura da wani abu kuma. 'Yan mata da yawa abin da aka rubuta musu kawai shi ne amarya, ko matar wane. Aure alheri ne, Allah Ya ba kowace miji nagari. Amma ni da nake aikin asibiti na san halin da mace ke shiga idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare a ƙauye babu mace ma'aikaciya kusa. Ga makarantar ungozoma a Malumfashi, ga ta kiwon lafiya a Kankiya da nan cikin Daura. Ku ƙara wa 'yan'uwanku mata wani abu a gaban sunansu, kuma ku maza, idan Allah Ya sa kuka aure su, ku bar su su kai inda za su kai.

Masu burin ƙasar waje kuma, ba zan hana ku ba, ni ma na samu alheri a nan, na gina wa mahaifiyata ɗaki na biya wa ƙanne makaranta. Ku dai sani akwai jarrabawar Turanci da ta aiki da ke cin kuɗi da shekaru, akwai tsayuwar awa goma sha biyu, akwai watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Sallar Gani nawa ta wuce ina kallon hawan Sarki a waya. Na riga na gaya muku yadda na yi jana'izar mahaifina. Duk wanda kuka rubuta wa ƙasar waje, ku riƙa kiransa; sau da yawa ya fi ku bukatar jin muryar gida.

Wanda ya samu shiga birnin Katsina a wannan hutu ya leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, yanzu gidan adana kayan tarihi ce. A waɗannan ɗakuna na ƙasa Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka zauna. Aikin malanta aka horar da su, kuma shi suka fara yi, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Bauci. Nakan yi tunanin sauran 'yan ajinsu, waɗanda suka koma garuruwansu suka riƙe alli har tsufa, babu titi ko jami'a da sunansu. Daga hannun irinsu ne malaman malamanmu suka fito.

Na mayar wa 'yata amsa a bas ɗin nan kafin in sauka. Na ce, 'yata, Allah Ya tabbatar da abin da aka rubuta miki, amma takardar ba ta cika ba. Ki nemi monitarku ku ɗauko rajistar aji, ku bi ta suna-suna daga farko har ƙarshe, har da waɗanda suka bari a hanya, kowa a je a tambaye shi abin da shi yake so wa kansa, a rubuta da lambar wayarsa da unguwarsu. Ta ce, “Kawu, ai aiki ne babba.” Na ce kuɗin katin waya da na mota suna wuyana. Ta ce za ta fara ranar Asabar, daga gidan wata ƙawarta da aka cire tun suna aji huɗu.

Ku gaishe mini da iyayenku da malamanku, da masu dafa muku abinci, da baba maigadi. Idan wani ya bi ta Kusugu ya sha ruwa ya tuna da ni. Ina nan ina jiran hoto na biyu.

Wassalam.

Naku,
Kawunku kuma ɗan'uwanku,
daga Mancesta.