Godiya bayan sallamar Yaya

Alhamdulillahi, an sallami Yaya jiya da la'asar. Mun gaji tiɓis, wanda bai ji wayarmu ba ya yi mana uzuri, wannan saƙon ya isar.

Daren farko ne ba ya fita daga ranmu. Ƙafafunta sun sandare, gani ya dushe, ga sambatu. Kowa ya ɗauka ciwonta na MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) ne ya sake tasowa, har ana maganar sa mata maganin sitiroyid ta jijiya. Sai Sistar da ke aikin dare ta ce a dakata, a fara duba fitsari. Ta tallafe ta har banɗaki, suka dawo, ta ɗora mata na'urar hoto a mara: fitsari mililita (mil) 300 na nan kwance a mafitsara, alhali yanzu ta gama fitsarin. Sista, kin ce kada mu ambace ki, to mun ambata. Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya raya miki zuri'a, Ya haɗa ki da mai tausayinki ranar da kike bukata.

Masu jinya irin tamu da suka yi ta tambaya, ga abin da ya faru: ƙwayoyin cuta ne suka kama mafitsarar Yaya, ba sabon harin MS ba ne. MS yana lalata rufin jijiyoyin laka, sai mafitsara da bakinta su daina aiki tare: tana matsawa, bakin yana rufe. Fitsarin da ya rage shi ne gidan ƙwayoyin cuta, galibi E. coli daga bayan gida. Da zazzaɓi ya shigo, tsofaffin alamun MS sai su dawo kamar sabon hari. A ba da sitiroyid a wannan hali, an danne garkuwar jiki ke nan, cutar ta samu hanyar haurawa ƙoda, ta shiga jini. Kuma mai MS ba lallai ya ji zafin fitsari ba. Wani lokaci ƙarin taurin ƙafa ko yawan ɗigar fitsari kawai za a gani.

Idan ragowar fitsarin na wuce mil 100, likita kan koyar da sa robar fitsari ta ɗan lokaci, a zuƙe a cire, sau 4 zuwa 6 a rana, hannu a wanke da sabulu kafin a taɓa ta. Kada a jinkirta har abin da ke fita lokaci guda ya wuce mil 500. Magungunan rage yawan fitsari irin su oxybutynin na iya ƙara ragowar, shi ya sa ake sake aunawa bayan an fara su. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana. Rage shan ruwa don gudun jiƙa zane kuskure ne da ake yawan yi, fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara. A kula da taurin bayan gida, yana danne hanyar fitsari. Tsarki daga gaba zuwa baya.

A ɗauki fitsarin gwaji kafin ƙwayar magani ta farko, sakamakon gwajin gano ƙwayoyin cutar kan ɗauki kwana 2 zuwa 3. Mai amfani da roba kusan kullum za a sami ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, in babu alamar ciwo ba a ba da magani, don ba da shi ba bukata ne ke sa ƙwayoyin su koyi bijire wa magani. Amma rawar ɗari, amai, ciwon kwiɓi ko ruɗewa, wannan asibiti ne a take, ko da tsakar dare.

Godiya ga Inna da ta kwana tara a kan kujera, ga Kawu mai kawo mu da mai da mu, ga maƙwabciyarmu da ta riƙe yara ba tare da an roƙe ta ba. Allah Ya jiƙan mahaifanku, Ya yaye muku kowace damuwa, Ya sa ku gama da duniya lafiya. 'Yan'uwan da hanya ta yi wa nisa kuwa, mun ga saƙonninku a waya, mun gode. Yaya na gida yanzu, ƙofa a buɗe take.