Laraba: gobarar da ba a yi ba

Ko shafa addu'ar asuba ban gama ba Umma ta leƙo ɗakina da waya a hannu. An turo bidiyo a zauren danginmu na WhatsApp: wuta na ci, hayaƙi ya turnuƙe, mutane sai salati suke. A ƙarƙashinsa muryar wata mata tana rantsuwa cewa Kantin Kwari ce ke ci yanzu-yanzu, a tura wa kowa saboda Allah. Kawu na da shago a can, kuma duk jarinsa yana cikin shadda da atamfa.

"Kai da ke kwana a kan waya, duba mana," in ji ta.

Na leƙa shafin BBC Hausa na Facebook, babu. Freedom Radio babu, Aminiya ma shiru. Gobara a Kwari kuwa ba ta ɓuya ga waɗannan. A saman saƙon ga 'yan kibiyoyin nan biyu da WhatsApp ke sa wa abin da ya sha yawo hannu zuwa hannu. Na kira Kawu, ya ce yanzu suka yi magana da maigadin layinsu, lafiya ƙalau. Tsohon bidiyo ne aka ɗora wa sabuwar murya.

Ban ga laifin Umma ba. Matar ta yi magana da irin Hausarmu, da kuka a muryarta, wa zai tsaya tambayarta hujja? Haka aka tashe mu cikin dare a watan Agustan 2014, lokacin Ebola, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. A wasu garuruwan har asibiti ya kai mutane. Lokacin ma galibi kiran waya da tes ne, balle yanzu da kowa ke da hoto mai motsi a aljihu.

Shago yau cinkoso. Mu a kasuwar waya ta Farm Centre, duk wanda ya kawo gyara roƙonsa ɗaya ne: "Oga, don Allah kar WhatsApp ɗina ya goge." Wani yaro ɗan jami'a ya zauna jiran a canja masa sikirin, ya ari wayata, cikin ɗan lokaci ya zayyano mana farashin dala, da wanda ya sauya sheƙa, da wanda Arsenal ke zawarci. Na ce a ina ya gani? Ya ce a TikTok da status ɗin mutane. Na ce wa ya faɗa? Ya yi dariya. Abin da na lura da shi ke nan a kanmu: kanun labari muke haddacewa. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, buɗe cikakken labari ya zama sai an yi lissafi. Amma dai kada mu ɗora wa tsada komai, domin mai ƙyashin megabait biyu a kan rahoto shi ne zai ƙona ɗari biyu yana kallon faɗan 'yan TikTok.

Da rana ba wani abu, sai zafi da ƙarar janareto.

Bayan isha'i na tarar da Baba a tabarmarsa da rediyo, ana shirin BBC na takwas da rabi. Sashen Hausa ɗin nan tun 1957 yake, ya girmi Baba ma. Duk abin da aka karanto na riga na gan shi tun azahar, sai dai shi ya ji daga bakin wakili, ya ji ɓangare biyu, ya kuma san wanda zai kama da ƙarya idan ta fito. Mu muna riga shi ji, shi yana fin mu sani, kuma hakan ya ɗan sosa mini rai.

A teburin mai shayi na ɗauko zancen, sai abokinmu ɗan Maraɗi ya ce mu gode Allah. Su a can, 'yan kwanaki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka katse RFI da France 24, mutane suka ƙara raja'a a kan saƙon murya, wanda ba ka da wanda za ka tuhuma a kansa. Wani ya tuna masa cewa mu ma an rufe mana Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma abin da aka ƙaru da shi kawai shi ne har masu gyaran takalmi suka iya kunna VPN, manhajar zagaye toshewar. Musu ya kaure a kan ko gwamnati na da hurumin rufe kafa irin wannan. Kowa ya zaro waya zai kafa hujja, sai ga shi rabinmu ba data. Ni na kunna musu hotspot, kuma har muka tashi ba wanda ya biya mini ko kofin shayi.