Ranar da na san aikin mabiyiya

Haihuwata huɗu, amma mabiyiya ban san ta da komai ba sai abin da ake binnewa bayan gida. Sai a cikin nan na biyar.

A mako na 20 aka yi min hoto. Likitar ta daɗe tana zagaya na'urar a gefe guda, sanyin man nan na ratsa ni duk da zafin Sakkwato. Can ta ce, "Hajiya, zuciyar yaron akwai matsala." Ni ƙwaƙwalwarsa ma ban kawo a raina ba, ita ta kawo.

Ta zana min a bayan katina. Ɗan tayi ba ya numfashi, ta mabiyiya yake samun iska da abinci, zuciyarsa ta tura jinin sama zuwa kai. In zuciyar ta samu tawaya mai tsanani, iskar da ke isa ƙwaƙwalwa kan ragu, girmanta ya yi jinkiri. Wai zuciya da mabiyiya tare suke ginuwa tun makonnin farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da cikin ba. Hawan jinina kuwa, da nake raina shi, mabiyiyar yake takura wa.

Inna ta ce, "Ke dai ki ci tuwo, Allah na nan." Allah na nan, Inna, amma ƙwayar hawan jinin ban ƙara tsallake ta ba. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da ciwon zuciya, ashe.

Jibi za mu koma awo. Ku sa mu a addu'a.