Abin da takarda da kalar yara suka nuna mini

Ban iya zane ba, kuma har yau ban koya ba. Na fara da wannan ne saboda duk wanda na gaya wa ina zane don sauraron zuciyata, sai ya ce in nuna masa ya ga ko ya yi kyau. To ba kyau ake nema ba.

Wata ƙanwar mahaifiyata da muke kira Gwaggo, tsohuwar ma'aikaciyar jinya a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, ita ta sa ni a hanya a lokacin da barci ya ƙaurace mini. Ta ce, "Kai ɗan nan, kome aka tambaye ka sai ka ce lafiya lau. Je ka gaya wa takarda." A wurinta na ji labarin Adrian Hill, wani mai zane ɗan Ingila da ya yi jinyar tarin fuka, ya ga zane na rage masa ƙuncin kwanciya, har ya ja sauran majinyata suka shiga. Shi ya raɗa wa abin suna "art therapy", wato jinya ta hanyar zane, a 1942. Yanzu sana'a ce da ake karanta ta, masu ita suna da ƙungiya a Ingila tun 1964, a Amurka tun 1969.

Na fara da gwarjen-gwarje: ka rufe ido, ka saki hannu ya yi ta yawo da biro, sannan ka buɗe ka nemi wata siffa a ciki. Ni dai ban ga kome ba sai igiya a cukurkuɗe. Zane da hannun hagu ma na gwada, dariya kawai ya ba ni.

Da'ira ce ta kama ni. Carl Jung, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, ya daɗe yana zana ƙananan da'irori da safe don ya ga halin da ransa yake ciki. Ni faranti nake kifawa a kan takarda in zagaye shi da fensir, in ɗauko kalar 'ya'yana, kowane abu da ke raina in ba shi launi, in ba shi fili gwargwadon yadda hannu ya ga dama. Ba mutum ba dabba, don haka ban ma shiga saɓanin malamai a kan zanen mai rai ba. Wanda ya tashi yana ganin adon bangon gidajen Zariya da ɗinkin hula ba baƙo ba ne ga irin wannan.

Da baki, da an tambaye ni damuwata, zan ce aiki ne da tsadar rayuwa. A takarda kuwa, aiki ɗan yanki ya samu a gefe. Wani launin ƙasa-ƙasa ne ya cinye kusan rabin da'irar, na danna shi har takardar ta nemi hujewa. Na ajiye ta, bayan sallar isha'i na dawo na tambayi kaina, mene ne wannan? Gidanmu na gado ne. Tun rasuwar Baba muke jan maganar rabonsa da yayana, muna gaisawa a biki da jana'iza kamar ba kome. Da'irorin da suka biyo baya ma haka, launin nan yana nan, wani lokaci ya koma tsakiya.

Nan na gane cewa zanen shi kaɗai ba ya magana. Rabin aikin yana cikin zaman da za ka yi daga baya: ka sa kwanan wata, ka rubuta layi biyu a bayan takardar, ka jera su bayan wani lokaci ka ga abin da ke maimaita kansa. Kuma kada ka bari wani ya fassara maka launi. Masu cewa ja fushi ne, baƙi baƙin ciki, ban yarda da su ba. Ja a wurina ɗankwalin Inna ne.

Sauƙin da jiki ke samu ma ba tatsuniya ba ce. A wani bincike da Girija Kaimal ta jagoranta a Jami'ar Drexel a 2016, mutum 39 sun yi minti 45 suna aikin hannu, kusan kashi 75 cikin ɗari daga cikinsu sinadarin damuwa na kotizol ya ragu a jikinsu, da gwani da ɗan koyo. Mutanen ba su da yawa, amma ya dace da abin da na ji a jikina. Sai dai Gwaggo ta ja mini kunne: wanda zane ya tono masa tsohon ciwon da ya fi ƙarfinsa, ko yake tunanin cutar da kansa, asibiti zai nufa, ba kantin takarda ba.

Daga baya na kira yayana. Na ce, "Yaya, maganar gidan nan, mu samu Kawu mu zauna." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma abin na ransa. Ba a gama rabon ba tukuna, akwai 'yan'uwa mata biyu da ke aure a nesa, sai sun zo bayan babbar salla.