Majami'armu ta fari tana ƙarƙashin ruwa, ni ina can ina bin takarda

Ranar da Fada ya ɗora mini rubuta tarihin farish ɗinmu, wato majami'armu ta Katolika, daɗi na ji har cikin raina. Malamin firamare ne ni, kuma ni ne sakataren kwamiti, sai na ɗauka aikin mako uku ne: in buɗe littafin baftisma, in jera sunayen Fada-Fada da suka zauna da mu, in sa hoton sabon gini a bango, shi ke nan. Yau kusan shekara guda da fitowar ɗan littafin, amma in na gan shi a hannun wani sai in sunkuyar da kai.

Ɓangaren takarda bai ba ni wuya ba. Yankinmu na ƙasar Yawuri da can yana ƙarƙashin Sakkwato ne, inda 'yan Dominikan, wata ƙungiyar Fada-Fada, daga Amurka suka karɓi aiki. An yanka yankin mishan na Sakkwato a 1953, ya zama dayosis, wato yankin da bishop ke riƙe da shi, a 1964 da Bishop Edward Lawton, bayansa Bishop Michael Dempsey ya hau a 1967. A 1995 aka yanko Kontagora daga Ilori da Minna da Sakkwato, aka ba Fada Timothy Carroll, mutumin Ailan, mu ma muka koma can. Sai a 2020 Kontagora ta zama cikakkiyar dayosis a hannun Bishop Bulus Dauwa Yohanna. Duk wannan na tattara shi tsaf, na sha hanyar Yelwa da Kontagora, kuɗin mota ya ci rabin abin da aka ware mini. Shafin farko na rajistarmu a shekarun 1970 yake, don haka na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa a lokacin ne aka kafa majami'a a garinmu.

Gida uku ne tsakanina da Baba katikis, tsohon mai koyar da addini a majami'armu.

Sau ɗaya tak na je wurinsa. Na same shi kishingiɗe a tabarma a inuwar rumbu, idonsa ya riga ya tafi, amma muryata kawai ya ji ya gane ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, tarihi aka sa ni rubutawa." Ya ce, "To ɗana, zauna, sai mu fara daga tsohon gari." Ya shiga ba ni labarin wata tsamiya a bakin kogi, da wani Bature mai farar riga da ake ɗauko shi a kwalekwale, da yadda ake ɗaure bunu a yi rumfa. Can sai ya ɗaga hannu ya rera amsar Mas da Latin, "Et cum spiritu tuo," ya kwashe da dariya har da tari. Ni kuwa ina riƙe da biro ban rubuta ko harafi ba, a raina ina cewa tsufa ne, shekara nake nema ba tatsuniya ba. Na ce masa zan dawo bayan an gama girbi. Ya ce, "Allah ya kai mu." Shi bai kai ba. Mun binne shi cikin hunturu, ni na karanta takardar ta'aziyyar kwamiti a bakin kabari, kuma ko a ranar ban gane abin da muka rufe da ƙasa ba.

Ranar biki aka raba littafi bayan Mas. Ana cikin cin shinkafa wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ta sa jikarta ta karanta mata shafin farko, ta aiko a kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam, ni da aka yi wa baftisma a tsohon gari, ashe a ina aka yi mini?" Matan da ke gefenta suka yi tsit suna kallona.

A daren nan ban yi barci ba, abubuwa suka riƙa haɗuwa a kaina. Kowa a nan ya san an gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya hau ya cinye garuruwa da tsibirai na Kogin Kwara, aka kwashe dubban mutane, Gungawa da Kambari da sauransu, zuwa sababbin matsugunai. Garinmu yana cikin waɗanda aka tasa. Ni da nake koya wa yara wannan a aji, ban taɓa tambayar kaina ko masu bi sun taso da majami'arsu ba. Ga kuma Latin ɗin nan da Baba ya rera. Babban taron Vatikan na biyu, na bishop-bishop na Katolika, daga 1962 zuwa 1965 aka yi shi, bayansa ne aka fara sakin Latin ana yin Mas da harshen jama'a, Fada ya juyo yana fuskantar mutane. Wanda ya haddace amsar Latin yana saurayi, ai a wancan zamanin ya yi hidima a bagade. Shekarar da nake nema ya ba ni a baki, na ƙi karɓa don ba ta zo a rubuce ba.

Rajistar ma ba ƙarya ta yi ba, ni ne ban san karatunta ba. Ƙaramin reshe ba ya riƙe littafin kansa. Fada zai zo, ya yi baftisma, ya koma ya shigar da sunaye a littafin babbar majami'ar da ya fito. Ranar da aka buɗe mana namu littafin dabam take da ranar da aka fara addu'a a garin. Duk wanda aka ba irin wannan aiki ya riƙe wannan da kyau, domin a yankinmu farish da yawa rassa ne da can, wasu ma sun sauya dayosis, sunayen iyayenmu suna warwatse a littattafan wasu garuruwa.

Abin da ya rage na bi. Na ɗauki waya na zauna da tsofaffin mata Lahadi bayan Lahadi, ina naɗar muryarsu, ban katse kowa ba ko da ta kauce ta shiga labarin albasa da kamun kifi. A cikin kaucewar ne ma ake samun abin. Daga bakinsu na ji cewa Fada kan yi watanni bai leƙo ba, Baba ne ke jan addu'ar Lahadi, shi ke koyar da katikisma, shi ke zuwa wurin mara lafiya. Na ji yadda mata suka ɗebo ruwa da yashi a ka lokacin ginin bulo, da yadda buhunan baikon godiya na kaka suka sayi kwanon rufi. A littafina sunan kowane Fada yana nan da shekarunsa, Baba kuwa layi ɗaya na ba shi, shi ma a shafin waɗanda suka rasu. Amma duk wadda na tambaya wa ya fara gayyato Baturen, ko mutum nawa aka yi wa baftisma a karon farko, amsar ɗaya ce: "Ai Baba ne ya san wannan."

Shawarata ita ce ka fara da wanda ya fi kowa tsufa, yau ɗin nan, kafin ka hau mota zuwa ko'ina. Takarda za ta jira ka a kabad. Kada ka je masa da jerin tambayoyi kamar mai ƙidaya, kunna waya ka yi shiru. Kuma kafin ka kai wa mai buga littafi, tara Zumuntar Mata ka karanta musu da ƙarfi. Da na yi haka da ban sha kunyar da na sha ba.

Wani masunci ya kai ni wurin tsohon garin a kwalekwale da rani. Ya tsayar da filafili ya nuna ruwa ya ce tsamiyar tana wajen nan. Ba abin da na gani sai ruwa. Da muka dawo, tsohuwar nan ta kama hannuna ta kai ni gindin mangwaron majami'a, inda tsohon ƙarfen tayar mota yake rataye, wanda muke bugawa a kira mutane sujada. Ta ce Baba ne ya ɗauko shi a kwalekwale ranar tashi daga tsohon gari, ya bar tukwanensa biyu don ya samu wuri. Tun ina yaro nake buga ƙarfen nan.