Tumatirin da na shuka a Fabrairu

Shekarar da aka ba ni darasin noma a wata sakandare a cikin garin Gombe, shugaban makaranta ya nuna mini wani fili a bayan azuzuwa, ya ce yana so yara su riƙa taɓa abin da ake rubuta musu a allo. Na karɓa da zumuɗi. A lokacin wayata cike take da bidiyon mutanen Ingila da Amurka masu lambu a bayan gida, kuma duk bakinsu ɗaya: sanyi ya kusa wucewa, ƙanƙara ta narke, a fito da iri. Da na ga hazo ya fara yayewa a tsakiyar Fabrairu, sai na ce to, mu ma namu sanyin ya wuce. Na sayo irin tumatir da latas da kabeji, na raba wa yara fartanya. A gidana na Tumfure ma na jera buhunan siminti 12 a jikin katanga, na cika su da ƙasa.

Maigadin makarantar dattijo ne, ya daɗe yana noman rani a bakin ruwan Dadin Kowa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya tsaya yana kallonmu har yara suka watse, sannan ya ce, "Malam, tumatir ne wannan?" Na ce, "Shi ne, Baba." Ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Bai ƙara ko kalma ba. Sai daga baya na gane jaje ya yi mini tun kafin a yi rashin.

Iri ya tsiro, dashe ya kama, ganye ya yi kore shar, har na riƙa ɗaukar hoto. A Afrilu tumatir ya yi fure. Kullum da safe sai in tarar da furen a ƙasa, ya zube tun bai ƙulla ɗa ba. Latas ya miƙe ya yi tsiri, ya yi ɗacin da ko akuya sai ta yi shawara. Kabejin kuwa tsutsa ta riga mu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dalilin yana cikin littafin da nake koyarwa da shi. Idan zafin rana ya kai wajen digiri 35, dare kuma bai huce ba, garin furen tumatir yana lalacewa, furen ya faɗi. Na san wannan lambar, na taɓa rubuta ta a jarrabawa. Ban dai taɓa haɗa ta da Maris da Afrilun Gombe ba, lokacin da zafi ke taɓa 40, tabarma ma ta gagari kwanciya a ɗaki. Mai bidiyon can idan sanyinsa ya wuce, ɗumi mai daɗi ne ke biyo baya, da yayyafi. Mu idan hunturu ya tafi, bazara ce ke shigowa da wutarta, ruwan sama kuma sai wajen Mayu, bai zauna sosai ba sai Yuni.

Na ajiye girman kai na je na zauna kan bencin Baba. Ya tambaye ni, "Yaushe tumatir yake arha a Kwadon?" Na ce cikin sanyi, Janairu zuwa Fabrairu, lokacin da kwanduna ke cika bakin titin Biu. Ya ce, "To wanda ake sayarwa a lokacin, yaushe aka rene shi?" Na ƙirga baya, na faɗa Oktoba. Ya yi dariya ya ce ashe malamin ya iya lissafi. Tumatir da latas da karas da kabeji da albasa 'ya'yan sanyi ne, ana renonsu da ɗaukewar damina su girma cikin hunturu. Ranar da na fito da irina, masu lambun gaske suna kwashe nasu ne. Tsadar tumatir da muke kuka da ita kowace shekara daga Mayu zuwa Yuni, wannan zafin ne babban tushenta.

Na ce to a bar filin haka nan har damina ke nan? Ya ce a'a, bazara ma da nata 'ya'yan. Alayyahu ba ya tsoron rana in dai zai sha ruwa, cikin mako 3 zuwa 4 an fara yanka. Kuɓewa tana so, wata 2 ta fara ba da miya. Ga rama, ga lalo, ga zogale da ake dasa reshensa kawai ya kama. Amma duk wannan, in ji shi, ɗan abin miya ne. Babban aikin bazara shi ne ciyar da ƙasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ma na riga na yi ɓarna a gida. Uwargida tana kiwon kaji, ni kuma na ga taki kyauta, na kwashi kashinsu ɗanye na zuba a gindin shuka. Kwana kaɗan ganye ya ƙone daga baki kamar an kara masa wuta. Ta leƙo ta ce, "Malam, kajin nawa ne suka yi laifi ko mai digirin?" Ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai, sai ya ruɓe ya huce tukuna. A makaranta Baba ya sa ni da yara muka haƙa rami a inuwar dogon yaro, muna zuba kashin awaki da na kaji, da busasshen ganye, da ɓawon kayan miya, da ɗan toka, muna yayyafa ruwa muna juyawa duk bayan mako 2. Idan ka tura hannu ka ji zafi, yana aiki. Bayan wata 2 zuwa 3 ya koma baƙi, warinsa ya zama na ƙasar da ruwan farko ya daka. Yara da suka fara da toshe hanci, su ne suka koma rigimar wa zai juya.

Sai maganar ruwa, wadda duk mazaunin Gombe ya san zafinta. Ƙasar unguwarmu rairayi ce, ka zuba jarka guda ta shanye kamar ba a yi ba, ga kuɗin 'yan garuwa. A watan farko abin da na kashe a ruwa ya fi kuɗin tumatirin da nake mafarki. Na koyi ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, a gindi ba a kan ganye ba, in kuma rufe ƙasar da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa don kada rana ta zuƙe danshin. Gara takan biyo ciyawar, sai ana dubawa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk buhunan nan suke tafiya yanzu, na omo ne kawai ba ya zuwa. Buhunan ma na janye su daga katangar da rana ke gasawa da yamma, na mai da su inda inuwa ke sauka bayan azahar. Kadangaru da kaji kuwa, tsohon gidan sauro ya raba ni da su.

Bana da hazo ya yaye, wata ɗaliba ta kawo mini irin tumatir da ta shanya da kanta daga na miyar gidansu, tana so mu shuka a ranar. Na tura ta wurin Baba. Ta dawo da irin a cikin kwalba, an gauraya shi da toka don ƙwari, an toshe bakin da tsumma. Ta karɓi alli ta rubuta Oktoba a jikin kwalbar, muka ɗora ta a kan kabad, muka fita juya taki.